Yadda Ake Sauya Taya a Hanyar Djado Ba Tare da Ruɗa Mota Ba

Tun da aka gano zinariya a Djado a 2014, Hilux ta zama raƙumin hanyar da ta tashi daga Agadas, ta ratsa Tenere zuwa Dirku, ta bi Segedin har Chirfa. Direban da ya saba da tsohuwar Land Cruiser yakan ɗaura duk tayar da ya samu ya wuce. Sabbin motoci ba sa yarda da haka, saboda na'urar hana santsi da Toyota ke kira TRC.

Na'urar ba ta ganin rairayi, juyin taya take ƙirgawa. A bayan kowace ƙafa akwai ɗan sansa da ke aika wa kwamfuta lissafi. In wata ƙafa ta fi sauran gudu, sai kwamfuta ta ɗauka santsi ne, ta matse mata burki ko ta rage wa inji ƙarfi. Ƙaramar taya kuwa dole ta fi babba yawan juyi, ko a kan kwalta.

Da farko karanta lambar gefen taya. Tsayin 265/65 R17 kusan milimita 776 ne, na 265/70 R17 kusan 803. Ido ba ya kama wannan bambanci, amma ya haura kashi 3 cikin ɗari, kuma kwamfuta tana kama shi. Safayarka ta zama lamba ɗaya da sauran tun kafin ka bar Agadas.

Na biyu, nemi wuri mai tauri, ja burkin hannu, sassauta notina, sannan ka sa katako a ƙarƙashin jak don kada ya nutse.

Na uku, da ka cire taya, leƙa bayan burki. Siririyar wayar sansa tana nan. Kada ka ja ta, kuma ka kakkaɓe yashin da ya taru.

Na huɗu, in dole ce ta sa ka haɗa tayoyi mabambanta, sa biyun da suka yi daidai a baya, inda ƙarfin mota yake. Ɗaure notina a gicciye, ka ƙarasa matsewa bayan mota ta sauka.

Na biyar, daidaita iska. In ka sace ta don rairayi, sace duka huɗun daidai da ma'auni, ba da dukan ƙafa ba.

Daga nan tuƙa a hankali kana duban fitilar santsi. In tana ƙyaftawa a hanya mai tauri, akwai tayar da ke yi wa kwamfuta ƙarya. A rairayi mai zurfi kuwa danna maɓallin kashe TRC, domin can taya na buƙatar ta ɗan yi haƙa. Ka tuna: da ka kashe inji ka sake tayarwa, na'urar ta koma bakin aikinta, sai ka sake dannawa kafin tudu na gaba.