Darasi a Kan Lambun Gida: Noman Tattasai

'Yan'uwa, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa. Kowa yana tune da watan Disamba na 2020, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. Wanda ya kasa zuwa fadamarsa, kayan miya sun zama na saye a gare shi, kuɗi kuwa ba kullum suke samuwa ba. Amma tattasai ba ya bukatar babban fili. Bayan ɗaki ya ishe shi, har ma buhu cike da ƙasa.

Asalin tattasai daga ƙasar Meziko ne da kewayenta, bayan 1492 ya bazu zuwa sauran duniya. Jan tattasai ya fi lemon zaƙi sinadarin bitamin C, saboda haka abinci ne ga yara, ba ado ne na miya kaɗai ba.

Lokacin Shuka

Wannan shi ne babban abu cikin darasinmu. Tattasai ba ya jimre wa zafin bazara. In zafi ya wuce awo 32, furanni sukan kakkaɓe, itacen ya yi ganye ba 'ya'ya. Domin wannan ku yafa iri a watan Satumba ko Oktoba, ya yi fure cikin sanyin hunturu, ku tsinka kafin zafin Maris da Afrilu.

Reno da Dashe

Ku gyara ɗan gado a inuwa, ku gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yakan ƙone saiwa. Ku yafa iri, ku rufe da ƙasa kaɗan da ciyawa. Yakan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu, sa'an nan a janye ciyawar. Bayan mako biyar ko shida, in ya yi ganye huɗu zuwa shida, sai dashe. Ku dasa da yamma, kamu ɗaya tsakanin kowane gindi, a inda rana take samu. Mai amfani da buhu ya huda gindinsa domin ruwa ya fita, ya sa dashe ɗaya a kowane buhu. Kada a dasa inda aka cire tumatir ko gauta, gama cutarsu ɗaya ce.

Ban Ruwa da Tsaro

A ba shi ruwa a gindi, da safe ko da yamma. Ƙasa ta zauna da laima, amma kada ruwa ya kwanta. A yi shinge saboda awaki da kaji. A riƙa duba bayan ganye, gama can ƙananan ƙwari suke ɓuya, su ne kuwa suke yaɗa cutar da take nannaɗe ganye. A daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. Gindin da ya riga ya nannaɗe ba shi da magani. A tumɓuke shi a ƙone, kada ya kashe sauran.

Girbi da Iri

Wata biyu zuwa uku bayan dashe za a fara tsinka. Abin da ya ragu a tsaga a shanya bisa tabarma, ba a ƙasa ba. A ɗebi iri daga 'ya'yan da suka nuna jawur a kan lafiyayyen itace. In barkono yana kusa sukan yi barbara, irin ya fito da yaji. Wanda renonsa ya yi yawa ya tuna da gwauruwa da baƙon da ya gudo daga ƙauyensa.

Tambayoyi

1. Don me furen tattasai yake kakkaɓewa a bazara?
2. Me za a yi da gindin da ganyensa ya nannaɗe?
3. Wane gida ne kusa da ku za ku ba dashe bana?