Darasi: Yadda aikin injiniya yake a kamfanin IT, da abin da za ka koya kafin ka nema a Zariya

Matasa da yawa suna ɗauka cewa da zarar an ɗauke ka injiniya a kamfanin IT, sai ka zauna cikin sanyin ofis kana rubuta manhaja daga safe har yamma. Akwai masu wannan aikin, amma galibin guraben da ake samu a Samaru da Sabon Gari ba irin su ba ne. Kamfanonin nan hidima suke sayarwa: makaranta ko asibiti ko otal su ne masu kayan, kai kuma ana biyan ka ne don kada aikinsu ya tsaya. Idan ka gane wannan, ka gane rabin aikin.

Su wa za ka yi wa aiki?

Zariya gari ne na makarantu, shi ya sa kasuwar take da faɗi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ga asibitin koyarwa na Shika, ga bankuna da shaguna a wajen PZ. Manyan hukumomi suna da nasu ma'aikatan kwamfuta. Amma a kewayensu akwai makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, shagunan magani, wuraren buga takardu da cibiyoyin jarrabawa, waɗanda ba za su iya riƙe injiniya na dindindin ba, sai su ba wani kamfani kwangila. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kula da cibiyoyin jarrabawa ya zama babban aiki. Ka ƙaddara kwamfuta fiye da 200 a ɗaki ɗaya, duka a jone da uwar garke guda, yara sun zauna, lokaci yana tafiya. Kebul ɗaya ya saki, burin wani na shekara guda ne yake rawa.

Yarjejeniyar da ke mulkin wayarka

Tsakanin kamfani da mai kaya akan yi yarjejeniya da ake kira SLA. A ciki ne ake rubuta cikin minti nawa za a amsa kira, da yawan lokacin da aka yarda netwok ya ɗauke. Mu yi lissafi. Wata mai kwana 30 awa 720 ne. Idan an yi alkawarin kashi 99 cikin 100, an yarda a rasa kusan awa 7 da minti 12 a wata. Idan kuwa 99.9 ne, minti 43 kacal ya rage. Wannan ɗan bambancin shi ne dalilin da ya sa waya take ƙara da tsakar dare ko ranar Sallah. Ka tambayi wane alkawari kamfani ya yi wa masu kaya kafin ka karɓi aiki, domin kai ne za ka cika shi.

Yadda ake bin matsala daki-daki

Kira zai shigo: "Malam, intanet ya ɗauke, oga yana ta faɗa." Sabon shiga yakan fara taɓa saiti nan take. Wanda ya goge kuwa yana da tsari, daga ƙasa zuwa sama:

1. Wuta. Rauta tana kunne? Inbata ko batir bai mutu ba?
2. Kebul. Fitilar bakin jonin tana ƙyaftawa? Ka tuna kebul ɗin netwok na jan ƙarfe ba ya wuce mita 100. Idan ya wuce, sai ka ga yana zuwa yana ɗaukewa.
3. Adireshin IP. Idan ka ga ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba, ita ta ba wa kanta.
4. Gwajin ping. Ka fara da rautar ofis. Idan ta amsa, ka gwada 8.8.8.8 na Google. Idan wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato mai fassara suna zuwa lamba.
5. Sai a ƙarshe ka kira kamfanin da ke ba da intanet.

A kowane mataki ka tambayi kanka: mutum ɗaya ne abin ya shafa, ko ofis ɗin duka? Kuma me aka canza kafin abin ya faru? Waɗannan tambayoyin biyu suna rage maka yawo sosai.

Yanayin garinmu ma yana cikin manhajar karatu. Da hunturu ƙura tana toshe fankar kwamfuta, da bazara zafi yana kashe na'ura da batir, da damina kuma tsawa tana ƙona rauta da eriyar da ke kan rufi idan ba a yi mata wayar ƙasa ba. Injiniya mai lura yana yin shara da gyara kafin lokacin ya zo.

Ranar da laifin ba naka ba ne

Ranar 14 ga Maris 2024 manyan kebul na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabta, har bankuna suka ji a jikinsu. Ranar 19 ga Yuli na shekarar kuma wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya. A irin wannan rana babu abin da sukuddireba za ta yi maka. Abin da ake buƙata shi ne ka gano da wuri cewa matsalar daga waje take, ka yi wa mai kaya bayani da harshen da zai gane, ka kuma kawo mafita ta wucin gadi, kamar layin data na wani kamfanin daban.

Amana

Za a ba ka kalmomin sirri, za ka ga sakamakon ɗalibai, bayanan marasa lafiya da albashin mutane. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan bayanai nauyi, kuma a gari irin Zariya, inda kowa ya san kowa, suna ɗaya ne idan ya ɓaci ya ɓaci. Kada ka ɗauki hoton allon wani, kada ka kwafi fayil zuwa wayarka. Kafin ka goge ko ka sabunta komai, ka yi ajiya: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Duk abin da ka canza kuma ka rubuta shi da kwanan wata.

Kafin ka sa hannu

Ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce. Ka tambayi wa ke biyan kuɗin mota da data idan an tura ka wajen gari, da yadda ake lissafin aikin dare. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Ka tabbata ana zubawa a asusunka.

Aikin gida

Da wayarka ma za ka fara. Ka sauke Termux a Android, ka jona da Wi-Fi, ka gwada ping kamar yadda muka yi a mataki na huɗu, ka rubuta abin da ka gani. Idan kana da kwamfuta, Packet Tracer na Cisco kyauta ne ga wanda ya yi rajista a makarantarsu ta intanet. Ka haɗa kwamfuta uku da rauta ɗaya, ka cire kebul da gangan, ka bi matakan nan har ka gano inda ya katse. Sannan ka sayi filaya da kawunan kebul ka koyi ɗaurawa da hannunka.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake raba adireshin IP a ƙaramin ofis, in Allah ya yarda.