Karatu ya samu, goyo na baya: ya zan yi?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnatin tarayya a Kano. Yarana biyu, babban shekararsa 4, ƙaramar watanta 5. Sunana ya fito cikin waɗanda za a tura Zariya kwas na shekara ɗaya kan aikin ɗakin tiyata, kuma da shi nake sa ran ci gaba a aiki. Maigidana bai hana ba, abin da ya ce kawai shi ne in duba yara. Surukata kuwa ta ce ba ta taɓa ganin uwar da ta ajiye goyo ta bi takarda ba. Ko yanzu ma in aikin dare ya zo kaina kuma baban ya yi tafiya, 'yar aikina mai shekara 13 ce ke kwana da su. In na tafi ina tsoron haƙƙin yara, in na zauna ina tsoron damar ta wuce ni. Ki ba ni shawara.

Maman yara biyu, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya miki su, Ya sa albarka a aikinki.

Kafin maganar Zariya, akwai abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Yarinya 'yar shekara 13 ita ma reno take buƙata. In zazzaɓi ya rufe jaririya da tsakar dare, ko ta sarƙe da madara, me za ta iya yi? Ko ki tafi kwas ko kada ki tafi, wannan tsari ya ƙare a makon nan. Ki nemi babbar mace mai hankali daga danginku, ko ki roƙi shugabar sashenku a rage miki aikin dare. Ki kuma san haƙƙinki: dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya kuwa sun ba ta awa biyu kullum har tsawon wata 6 bayan ta dawo daga hutun haihuwa. Mata da yawa kunya ke hana su tambaya.

Game da kwas ɗin, shawarata ki tafi, amma da 'yarki a bayanki. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san Hukumar Lafiya ta Duniya tana son nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2. Karatu ba zai hana wannan ba in kin kama ɗaki kusa da makaranta, tare da wata babba da za ta riƙe ta. Ki tatsa ki ajiye a firji kafin ki fita, ki leƙo lokacin hutun rana. Babban yaron ya zauna da babansa da kakarsa, makarantarsa ba ta tsaya ba. Kano da Zariya tafiyar awa biyu ce zuwa uku, ranar Juma'a da yamma kina gida.

Maganar maigidanki ƙofa ce a buɗe. Ki zauna da shi da takarda da biro: nawa ne kuɗin haya, wa zai kai yaro makaranta, wa zai ɗauko shi, wa za a kira in ciwo ya taso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma 'ya'yan nan naku ne ku biyu. Surukarki kuwa kada ki yi musu da ita. Tsoronta a kan jikokinta ne, kuma tana da gaskiyarta. Ki je har ɗakinta ki durƙusa, ki gaya mata da jaririyar za ki tafi, ki nemi ta zaɓa miki wadda za ta raka ki.

In duk wannan bai haɗu ba, ki rubuta wa hukumar asibitin a hukumance, ki nemi a ɗaga miki zuwa zango na gaba, ki ajiye kwafin takardar. Jinkirin shekara ɗaya ba asara ba ce. Ki yi istihara, sannan ki fara da zaman nan da maigidanki yau da dare. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.