Tayar da Sabar Yanar Gizo ta Layin Umarni: Darasi ga Mai Tattara Adabin Baka a Yankin Ɗangora

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya ratse daga Kwanar Ɗangora ya bi hanyar Tudun Wada, ya keta dajin Falgore zuwa Doguwa da Riruwai, yakan dawo da tarin waƙoƙi da tatsuniyoyi da hirarraki. Haka ma wanda ya yi aiki a ƙauyukan Kiru ko tsakanin masuntan madatsar Tiga a Bebeji. Ƙa'idar bincike ta nemi a mayar wa masu bayani abin da aka rubuta daga bakinsu domin su tantance, alhali ba a kowane ƙauye ake samun intanet mai ƙarfi ba. Wannan maƙala ta nuna yadda mai bincike zai mayar da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka saba, ya sarrafa ta da umarni kaɗan, ba tare da haruffa masu ƙugiya sun lalace ba.

2.0 Ma'anar Saba da Layin Umarni

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, manhaja ce da ke jiran buƙata daga burauza, ta miƙa mata shafi ko sauti ko hoto. Tim Berners-Lee ne ya rubuta ta farko a cibiyar CERN a 1990. Apache ta bayyana a 1995, Nginx kuma a 2004. Layin umarni shi ne tagar da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so da kalmomi maimakon latsa hoto. Ga ɗalibin nahawu tsarin ba baƙo ba ne: akan fara da sunan wanda ake umarta, aikatau ya biyo baya, tamkar a ce "Audu, tashi!"

3.0 Hanya Mafi Sauƙi

A kwamfuta mai Ubuntu, mai bincike zai shiga jakar da ya ajiye matanonin, ya rubuta:

python3 -m http.server 8000

Lambar 8000 ita ce ƙofar da sabar ke sauraro. Umarnin hostname -I zai nuna adireshin kwamfutar. Duk wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da ita za ta buɗe matanonin idan aka rubuta adireshin da lambar ƙofar a burauza, ko da babu data. Danna Ctrl da C tare shi ke tsayar da ita. Sai dai wannan hanya tana fallasa duk abin da ke cikin jakar. Saboda haka hirar da mai ita bai yarda a yaɗa ba, kamar sirrin magani ko rikicin gado, ba ta da muhalli a ciki.

4.0 Sarrafa Apache

Idan aikin zai ɗauki makonni, Apache ta fi dacewa. Ana ajiye matanoni a /var/www/html, kuma tana sauraro a ƙofa ta 80. Da yake ƙofofin da ke ƙasa da 1024 na buƙatar izinin mai gudanarwa, akan sa kalmar sudo a gaban kowane umarni:

sudo apachectl start: tayarwa
sudo apachectl stop: tsayarwa
sudo apachectl restart: sake tayarwa nan take
sudo apachectl graceful: sake tayarwa cikin lalama
sudo apachectl configtest: duba kuskure a saiti

Bambancin na uku da na huɗu muhimmi ne. Na uku yana yanke duk wanda ke tsakiyar sauke doguwar waƙa, na huɗu kuwa yana barinsa ya gama. Ya kamata a gudanar da na biyar bayan kowane gyara, domin harafi ɗaya da ya kauce na iya hana sabar tashi. Idan ta ƙi tashi, dalilin yakan bayyana a /var/log/apache2/error.log.

5.0 Haruffa Masu Ƙugiya

A nan ne darasin ya fi shafar Hausa. A tsarin UTF-8, kowane ɗaya daga ɓ da ɗ da ƙ yana cin bayit 2. Idan saba ba ta sanar da tsarin ba, burauza na iya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai "ƙasa" ta fito a matsayin "Æ™asa". Mai gyara da ya gaji yakan share ƙugiyar baki ɗaya, daga nan "baƙi" ya koma "baki", ma'anar baiti ta salwanta. Maganin shi ne a ƙara layin AddDefaultCharset UTF-8 a saitin Apache, a duba shi da configtest, sannan a sake tayarwa cikin lalama.

6.0 Kammalawa

An ga cewa umarni biyar da layin saiti guda sun isa mai bincike ya baje aikinsa a gaban waɗanda suka ba shi. Malamin makaranta a Riruwai zai iya karanta wa tsohon maharbi kirarinsa daga waya, maharbin ya gyara abin da aka ji ba daidai ba tun mai bincike bai kama hanyar Kano ba.