Yadda Annoba Ke Bin Layin Jiragen Sama, Da Yadda Kwamfuta Ke Hango Ta

A ƙarni na 14, annobar da ta halaka miliyoyin mutane a Turai ta ɗauki shekaru kafin ta karaɗe nahiyar, domin a ƙafa, bisa doki ko a jirgin ruwa ake tafiya. Yau kuwa cuta kan isa wata nahiya cikin kwana ɗaya. Wannan darasi zai bayyana dalili, da yadda masu rubuta manhaja ke lissafa abin.

Matsalar lokaci

Kowace cuta tana da kwanakin da take ɓoye a jiki kafin alamunta su fito. Tafiyar jirgi mafi tsawo ba ta kai kwana ɗaya ba. Ke nan mutum zai iya hawa jirgi lafiya lau, ya wuce na'urar auna zafin jiki, sai ya isa gida ciwo ya kwantar da shi.

Haka ta faru da SARS. A watan Fabrairun 2003 wani likita daga lardin Guangdong na ƙasar Sin ya sauka a otal ɗin Metropole da ke Hong Kong. Baƙin da suka kamu a otal ɗin su suka kai cutar Toronto, Singapore da Hanoi. Daga ƙarshe sama da mutum 8,000 suka kamu, kusan 800 suka rasu.

Taswirar da kwamfuta ke gani

Mai rubuta manhajar hasashe ba ya auna nisa da kilomita. Yana ɗaukar kowane filin jirgi a matsayin ɗigo, kowace hanya a matsayin layin da ke haɗa ɗigo biyu, sannan ya ba layin nauyi gwargwadon yawan fasinja. A wannan taswira, birnin da jirage ke yawan zirga-zirga zuwa cikinsa shi ne maƙwabci, ko da teku ta raba. Manyan mahaɗu irin Dubai da Landan sun yi kama da babbar sabar intanet: abin da ya shiga cikinsu nan take yake bazuwa.

Kamfanin BlueDot na Kanada ya yi amfani da bayanan tikitin jirgi wajen hasashen biranen da cutar Wuhan za ta fara isa, ciki har da Bangkok. A ranar 13 ga Janairun 2020, Tailan ce ta fara tabbatar da cutar a wajen Sin.

Lissafin ninki

Idan kowane mai cuta ya harbi mutum biyu, a zagaye na 10 sabbin masu kamuwa za su kai 1,024, a zagaye na 20 kuma sun haura miliyan ɗaya. Shi ya sa makonnin farko suka fi komai muhimmanci.

Legas ta nuna hakan. A Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da Ebola ta jirgi. Dokta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, jami'an lafiya kuma suka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi. Ita ma cutar ta yi ajalinta, amma a Oktoba aka ayyana Nijeriya ta rabu da Ebola.

Gwaji

Mai koyon Python zai iya rubuta birane biyar da adadin fasinjan da ke tsakaninsu, ya sa cuta a ɗaya, ya ƙirga zagaye nawa za ta ɗauka ta kai sauran. Sannan ya cire babbar mahaɗa ya sake gwadawa, ya ga bambancin.