Fasahar Liƙe-Liƙe: Nazari Daga Zanen Rufar Goggo

A ajin adabi an saba koya mana mu nemo jigo da salo a cikin waƙa ko ƙagaggen labari. Wannan maƙala za ta gwada irin wannan nazari a kan abin da ba da alƙalami aka rubuta shi ba, wato fasahar da Turawa ke kira kolaj. Kalmar ta samo asali ne daga wani aikatau na Faransanci mai ma'anar liƙawa. Ni dai na zaɓi in kira ta fasahar liƙe-liƙe: a yanko takarda ko ƙyalle ko hoto daga mazauninsa, a haɗa shi da wasu gutsattsari a wuri guda, har su ba da ma'anar da babu ɗayansu da yake da ita shi kaɗai.

Masana tarihin zane sukan fara lissafi daga 1912, lokacin da Pablo Picasso da Georges Braque suka soma manna takardu a jikin zanensu a Faransa. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne Bajamushen nan Kurt Schwitters. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riƙa tsintar tsofaffin tikiti da yagaggun jaridu a titunan Hanover yana haɗawa. Ya raɗa wa aikinsa suna Merz, kuma a nan ne ya kamata ɗalibin harshe ya ɗan dakata. Merz ba cikakkiyar kalma ba ce, gaɓa ce da ya yanko daga Kommerz, wato kasuwanci, a cikin tallar wani banki. Ke nan sunan ma gutsure ne. A 1937 ya tsere wa 'yan Nazi zuwa Norway, a 1940 ya sake gudu zuwa Ingila, a 1943 kuma bom ya rushe gidansa na Hanover tare da babban aikin da ya shafe shekaru yana ginawa a ciki. Ya sake ɗaura ɗamara a wani ɗakin ajiya na gona a Ingila, yana kan aikin ya rasu a 1948.

Ban fahimci wannan mutum sosai ba sai da na tuna da goggona, ƙanwar mahaifina, wadda take ɗinki a unguwar Jekadafari a nan Gombe. Ba ta zubar da ragowar yadi. Tana da buhu a bayan keken ɗinki, in ya cika sai ta haɗa ƙyallayen ta yi zanen rufa don lokacin hunturu. Da ina ɗauka talauci ne kawai, da babu gara ba daɗi.

A ranar 16 ga Yuli, 2015, jajiberin Ƙaramar Sallah, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwar Gombe, mutane da dama suka rasu. Cikinsu har da wata matashiya da Goggo ta gama ɗinka wa kayan Sallah. An kai wa iyayenta kayan, ragowar atamfar kuwa ta shiga buhu. Da hunturu ya zo sai na ga ƙyallen, shuɗi, a tsakiyar sabon zanen rufa, an zagaye shi da farin zare mai kauri.

Na ce, "Goggo, ai wannan shuɗin bai dace da na kusa da shi ba."

Ta ce, "Ɗana, ba don ya dace na sa shi ba."

Wannan amsa ita ta bambance mini faci da liƙe-liƙe. Mai faci yana neman launin da zai saje, domin manufarsa rufin asiri ce, kada a san riga ta taɓa yagewa. Mai liƙe-liƙe kuwa da gangan yake barin mahaɗar a fili. A ganina a nan jigon wannan fasaha yake: an yanke, an yi asara, kuma ga shi an sake haɗawa ba tare da an musanta yankan ba. Tarihi ma ya san irin wannan. Mabiya Mahadin Sudan, wanda ya bayyana da'awarsa a 1881, sun riƙa sa jibba mai faci a fili don nuna gudun duniya, daga baya facin ya zama ado da alamar runduna. Wannan tafiya kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gombe, domin Malam Jibril Gaini na Burmi yana cikin masu goyon bayanta.

Sai dai ba kowane manne-manne ne fasaha ba. Yaro ma yana iya cika takarda da hotunan jarida. Manazarci zai tambayi inda gutsuren ya fito, sannan ya duba wanda aka ajiye kusa da shi, kamar yadda muke duban kalma da maƙwabtanta a cikin jimla. Sauya wa kalma gurbi, ma'ana ta sauya. Da na yi wa zanen Goggo wannan tambaya, sai ta riƙa nuna mini da yatsa. Na hagun shuɗin daga ankon wani biki ne a Pantami, na samansa kuma daga kayan makarantar ɗanta na fari. Na damansa, wani ja mai furanni, ragowar zanen goyo ne da ta yi wa wata maƙwabciya da ta haihu mako guda bayan waccan Sallar.