Kafin ka sayi injin yankan itace

Tun da albashi ya daina riƙe gida, tambayar da aka fi yi mini ita ce nawa ake sayar da injin yankan itace. Malamin makaranta ya tambaya, direban da hanya ta gajiyar ya tambaya, haka wanda aka sallama daga banki yana neman inda zai zuba ɗan abin da aka ba shi. Ban ga laifin kowa ba, ni ma daga teburin ofis na fito na kama sana'ar gyaran bishiyoyi da kula da gandun daji. Sai dai injin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya, ga shi kuma shi ake fara saye.

Wanda ya ga an sauke reshen mangwaro cikin awa ɗaya an miƙa kuɗi, kallon kitse yake yi wa rogo. Yankan kowa ma zai iya. Abin da ake biya shi ne sanin inda za a yanka da inda reshen zai faɗa.

Bishiya ba ta warkewa yadda fatar mutum ke warkewa. Inda aka yanke ta, wurin ya mutu ke nan. Abin da take yi shi ne ta killace raunin ta ciki don kada ruɓa ta bazu, sannan ta yi sabon nama ta lulluɓe shi ta waje. Wani masanin gandun daji ɗan Amurka, Alex Shigo, shi ya fito da wannan fili a shekarun 1970, bayan ya daɗe yana tsaga gungume ta tsawonsa yana bin sawun ruɓa. Ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, inda ya haɗu da jikin bishiya, shi ke rufe rauni. In ka share shi don wurin ya yi sumul, ka buɗe wa ruɓa da gara ƙofa. In ka bar dogon dungu, shi ma ba zai rufu ba. Fenti da baƙin mai da ake shafa wa wurin ba sa hana komai, sukan ma riƙe danshi. Reshe mai nauyi kuwa sau uku ake yanka shi: a fara ta ƙasa ɗan nesa da jiki, a bi ta sama gaba kaɗan har ya faɗi, sannan a cire dungun. Mai gaggawar da ya sara ta sama kawai, reshen zai ɓalle ya ɗaye ɓawo har ƙasa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake gundule wa darbejiya kai a titunan Kano da Katsina da Maiduguri, a bar ta tsaye ba ganye ko ɗaya. Darbejiya na da taurin rai, sai ta fito da tofo birjik, mai gida ya ce ai ga shi ta ƙara kyau. Waɗannan sabbin rassan a bakin ɓawo kawai suke maƙale, ƙarƙashinsu kuma ruɓa na ci. Bayan 'yan shekaru, guguwar farkon damina ta taso, su ne ke faɗowa kan kwano da motoci. A ƙa'ida ba a raba bishiya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara. Sabon shiga zai ga cewa shawo kan mai gida ya yarda da wannan ya fi hawan wuya.

Sai maganar rai. Sarƙar injin na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. In saman hancinsa ya taɓa wani abu, yakan yi tsalle ya dawo wa fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Gungumen ɗanyen itace mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yakan kai kusan tan ɗaya. Babbar wayar lantarki mai ƙarfin volt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa ta ba, wutar na iya tsallakowa, ɗanyen reshe kuma yana ɗaukar ta. Ga zuma a kogo, ga maciji. Duk da haka za ka ga yaro a ƙolin bishiyar turare da silifa, injin a hannu ɗaya, ba igiya. Kuɗin farko kamata ya yi su tafi kan hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, wandon nan mai zare a ciki wanda ke cushe sarƙa ya tsayar da ita, da igiya da ɗamarar hawa na gaske. Ba a hawa sai da mutum a ƙasa wanda shi ma ya iya hawa, don in na sama ya ji rauni a samu mai sauko da shi. In za a kayar da bishiya, 'yan kallo su ja baya ninki biyu na tsawonta.

Shawarata ga mai son sauya sana'a, kada ya ajiye aikinsa tashi ɗaya. Ya nemi ogan da ya iya, ya riƙa bin sa Asabar da Lahadi, ya yi kamar shekara a ƙasa yana jan rassa, yana koyon ƙullin igiya da wasa haƙoran sarƙa da haɗa fetur da mai, yawanci kashi 50 da kashi 1. A nan zai gane ko bayansa da gwiwoyinsa za su ɗauka. Zai kuma ga cewa aikin na da lokaci: ana rububinmu gab da damina da bayan iska ta yi ɓarna, wasu watannin kuwa waya ba ta ko ƙara. Mai son takarda, akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos da ta Afaka a Kaduna, ana yin difiloma a shekara biyu.

Ba kowa ne sai ya hau ba. Wanda ya haura arba'in, ko 'yar'uwar da ke sha'awar aikin daga ƙasa, ga renon dashe, ga ƙidayar itatuwa, ga horar da manoma. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar bishiyoyi don tare hamada, a 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma, yana aiki a jihohi 11 daga Kebbi zuwa Borno. Gurbin aikin gwamnati kaɗan ne, kada a sa rai da yawa, amma ana neman dashe da wanda ya iya raya shi. Ni dai bikin dashe ya daina burge ni, sai na ga abin da ya tsira bayan ranin farko. Abin da ya fi burge ni yana Maraɗi ta Nijar. Tun 1983 wani mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a ƙone kututturen da ke tofowa a gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a cire saura. An ƙiyasta cewa ta haka gawo da kalgo da sauransu, kusan bishiya miliyan 200, suka dawo a hekta miliyan 5 na Nijar. Da wuƙa da gatari aka yi wannan.

Doka ma sai an kiyaye. Kayar da bishiya na buƙatar izini daga malaman daji na jiha ko ƙaramar hukuma, ka kuma ga takardar da idonka, kada ka yarda da "ai mun yi magana". Duk mai sabon inji, 'yan gawayi da dillalan katako za su neme shi, kuɗinsu kuma a hannu yake. Da irin wannan aka cinye madobiyar dazukan Taraba, wadda dillalai ke kira madrid, aka yi ta lodinta zuwa Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya. In aka kama motar katako, mai inji ake fara riƙewa, dillalin yana birni.

Wajen zaɓen oga, kada ka duba yawan injunansa. Ka roƙe shi ya nuna maka bishiyoyin da ya gyara shekara uku da suka wuce. In raunukan sun yi zobe suna rufewa, ka zauna da shi. Ka kuma ja yaransa gefe ka tambaye su ko ya taɓa sa su hawa kusa da waya ba a ɗauke wuta ba.